Wasan Bidiyo ta Intanet: Shin Wajibi Ne Masu Ƙera Na'urori Su Ɗauki Nauyinsa?

Gabatarwa

A Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, akwai ɗakunan da matasa ke kira gidan gem. A ciki akan tarar da akwatin talabijin, da na'urar wasa irin su PlayStation, da samari biyu a zaune kafaɗa da kafaɗa suna buga ƙwallon ƙafa a kan allo, sauran suna jiran layi. A irin wannan zama abokin karawarka yana kusa da kai, kana ganinsa yana ganinka. To amma akwai wani salon wasan wanda a cikinsa mai wasa yana Dutsin-Ma, abokin karawarsa yana Legas ko Landan, intanet ce ta haɗa su.

Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: shin ya wajaba kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori, wato Sony da Microsoft da Nintendo, su samar da wannan hanya kuma su ɗauki nauyin kula da ita? Mai karatu zai iya cewa ai maganar wasa ce, ba ta cancanci shafin kimiyya ba. Sai dai a cikinta akwai ilimin saurin haske, da lissafi, da tattalin arziki, da kuma haƙƙin wanda ya sayi kaya da kuɗinsa.

Taƙaitaccen Tarihi

Tunanin haɗa na'urar wasa da layin tarho ya girmi yawancin ɗaliban da za su karanta wannan shafi. A 1988 kamfanin Nintendo ya fitar da wata 'yar na'ura a Japan da ke haɗa Famicom da layin tarho, amma an fi amfani da ita wajen duba farashin hannun jari. A 1990 kamfanin Sega ya gwada irin wannan da tsarin Meganet, bai samu karɓuwa ba. Gagarumin yunƙuri na farko shi ne Dreamcast, wadda Sega ya fitar a Japan a 1998 da Amurka a 1999, da na'urar haɗi da layin tarho a jikinta tun daga masana'anta. Wasan Phantasy Star Online na shekarar 2000 ya nuna cewa mutanen ƙasashe dabam-dabam za su iya haɗuwa a wasa guda. Duk da haka Sega ya daina ƙera Dreamcast a 2001, bayan ya sayar da kimanin miliyan 9 kacal, alhali PlayStation 2 ta Sony, wadda ta fito a 2000 ba tare da na'urar haɗi a jikinta ba, ta haura miliyan 155.

Wannan ya sa kamfanonin suka rabu a ra'ayi. Microsoft ya buɗe Xbox Live a ranar 15 ga Nuwamba, 2002, ya ɗauki nauyin tsarin gaba ɗaya, ya kuma sa kuɗin shiga na kimanin dala 50 a shekara. Sony ya sayar da na'urar haɗi daban, ya bar wa kowane mai shirya wasa ya kula da nasa. Shi kuwa Nintendo ya ja da baya, har shugabansa na lokacin, Satoru Iwata, ya bayyana a 2004 cewa a ganinsa masu saye ba su damu da wasa ta intanet ba. Amma idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya: a 2005 Nintendo ya buɗe nasa tsarin kyauta, a 2006 kuma Sony ya buɗe PlayStation Network, shi ma kyauta. Daga baya dukkansu suka bi sawun Microsoft wajen karɓar kuɗi, Sony a 2013 lokacin fitowar PlayStation 4, Nintendo kuma a 2018.

Ke nan kasuwa ta riga ta amsa rabin tambayar, tunda kamfanonin uku duk sun shiga. Abin da ya rage shi ne mu fahimci yadda abin ke aiki, sannan mu ga ta wace fuska ya kamata su ɗauki nauyin, kuma wa ake bari a baya.

Yadda Saƙo ke Tafiya

Idan ɗan wasa ya danna maɓalli don ya buga ƙwallo, na'urarsa takan mayar da wannan umarni zuwa lambobi, ta ɗaure su a ɗan ƙunshi mai ɗauke da adireshi, kamar wasiƙa a ambulan. Ƙunshin zai bi iska zuwa turken sadarwa mafi kusa, daga nan ya shiga wayar zaren gilashi da ke binne a ƙasa, inda yake tafiya a matsayin walƙiyar haske.

Hanya biyu ake bi wajen haɗa 'yan wasa. Ta farko ita ce na'urorin su yi magana da juna kai tsaye. Wannan ba ta cin kuɗin kamfani sosai, amma idan layin mutum ɗaya ya yi rauni kowa zai ji a jikinsa, kuma maguɗi ya fi sauƙi. Ta biyu ita ce a ajiye wata babbar kwamfuta a tsakiya, wadda ake kira uwar garke. Kowane ɗan wasa yana aika mata abin da ya danna, ita ce ke yanke hukunci kamar alƙalin wasa, sannan ta sanar da kowa sakamako. Wannan ta fi adalci, amma dole wani ya sayi kwamfutar, ya biya kuɗin wuta da sanyaya ɗaki da albashin masu kula da ita dare da rana.

A nan akwai abubuwa biyu da ɗalibai ke yawan cakuɗawa, wato faɗin hanya da jinkiri. Faɗin hanya shi ne yawan bayanan da layi zai iya ɗauka a daƙiƙa ɗaya, jinkiri kuwa shi ne tsawon lokacin da saƙo ɗaya zai ɗauka ya je ya dawo. Mu kwatanta da babbar mota da babur a kan hanyar Dutsin-Ma zuwa Katsina. Motar za ta ɗauki buhu ɗari, babur buhu ɗaya, amma idan takarda guda za a kai da gaggawa, ba girman motar ne abin dubawa ba, lokacin isa ne. Sauko da fim yana buƙatar faɗin hanya. Wasa kuwa saƙonninsa ƙanana ne. Alal misali, mu ƙaddara kowane ƙunshi bait 200 ne, ana aika 60 a daƙiƙa: 200 × 60 × 3,600 ya ba mu bait 43,200,000, wato kimanin megabait 43 a awa guda. Wannan ba shi da yawa. Abin da wasa ba ya jurewa shi ne jinkiri.

Iyakar da Haske Ya Gindaya

Ana auna jinkiri da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa a sarari, amma a cikin gilashi saurinsa yakan ragu zuwa kimanin kilomita 200,000, wato kilomita 200 a kowane milisakan. Babu injiniyan da zai iya wuce wannan iyaka, komai kuɗin kamfaninsa.

Yanzu mu yi lissafi. Tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi bai kai kilomita 40 ba, tazarar da haske zai ci cikin kashi ɗaya bisa biyar na milisakan. Amma mu ƙaddara uwar garken wasan tana Turai. Saƙon ɗan Dutsin-Ma zai fara gangarawa Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000 idan waya ta bi titi. Daga can ya shiga wayar ƙarƙashin teku, kamar MainOne da ta fara aiki a 2010, wadda tsawonta daga Legas zuwa ƙasar Fotugal kimanin kilomita 7,000 ne. Mu ƙara kilomita 2,000 zuwa tsakiyar Turai. Jimla ta zama 10,000, zuwa da dawowa 20,000. Idan muka raba da 200 za mu samu milisakan 100. Wannan shi ne mafi ƙarancin jinkiri, ba a haɗa da lokacin da ake ɓatawa a turken sadarwa da mahaɗun hanya ba. Wato samari biyu da babur zai haɗa cikin ƙasa da awa guda, sai saƙonsu ya tsallaka teku ya dawo kafin ƙwallon ɗaya ta isa ƙafar ɗayan.

Mene ne milisakan 100 a idon mai wasa? Yawancin wasanni suna sauya hoton allo sau 60 a daƙiƙa, kowane hoto yana ɗaukar kimanin milisakan 16.7. Ke nan ɗan Dutsin-Ma yana bayan abin da ke faruwa da hotuna shida, alhali wanda ke zaune kusa da uwar garken bai kai hoto ɗaya ba. Idan cunkoson layi ya kai jinkirin milisakan 200, ɗan ƙwallon da ke gudun mita 7 a daƙiƙa ya riga ya matsa da mita 1.4 daga inda ake ganinsa. Ba kowane wasa ne wannan ke ɓatawa ba. Wasa irin dara, wanda kowa ke jiran nasa juyin, ba ya damuwa da jinkirin daƙiƙa guda. Amma wasa irin langa ko dambe, wanda ƙiftawar ido ke raba mai nasara da wanda ya faɗi, ba zai yiwu a haka ba.

Masana sun ƙirƙiro dabarun ɓoye jinkiri. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta shahara tun wasan QuakeWorld na 1996, ita ce na'urarka ta yi hasashen abin da zai faru ta nuna maka nan take, idan hukuncin uwar garke ya iso sai ta gyara kuskure. Wannan ne dalilin da ya sa wani lokaci za ka ga ɗan wasa ya ɓace daga wuri ya bayyana a wani. Dabarar tana rufe ido ne kawai, ba ta rage nisa.

Tauraron ɗan'adam fa? Irin wanda ke tsaye a wuri guda yana nisan kilomita 35,786 daga ƙasa. Saƙo zai hau ya sauka, amsa ta hau ta sauka, tafiya huɗu ke nan, kimanin kilomita 143,000, wato kusan milisakan 480. Taurarin Starlink, da suka fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, suna shawagi a kimanin kilomita 550 ne, don haka tafiyoyin huɗu ba su wuce milisakan 8 ba. Sai dai bayan saƙon ya sauka ƙasa, tafiyar zuwa uwar garke tana nan daram.

Hujjojin Masu Cewa Wajibi Ne

Hujja ta farko ita ce tsari. Idan mai na'ura ya kula da komai, ɗan wasa zai yi rajista sau ɗaya, da suna ɗaya da jerin abokai ɗaya, maimakon kowane wasa da nasa. Ƙananan masu shirya wasanni, waɗanda ba su da ƙarfin gina irin wannan tsari, su ma za su samu inuwar fakewa.

Ta biyu ita ce tsaro da tarbiyya. Duk inda baƙi suka haɗu da yara akwai zagi da yaudara da masu mugun nufi. Mai na'ura ne kaɗai ke da ikon korar mai laifi daga dukkan wasanni lokaci guda, kuma shi ne zai iya ba iyaye makullin taƙaita lokacin wasa, da hira da baƙi, da kashe kuɗi.

Ta uku ita ce ribar kamfanin kansa. Sau da yawa ba a cin riba a jikin na'urar. A shari'ar Epic da Apple a 2021, wata jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu cewa kamfanin bai taɓa cin riba daga sayar da na'urar Xbox ita kanta ba. Ribar tana cikin wasanni da kuɗin rajista. Tunda haka ne, masu wannan ra'ayi suna cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Hujjojin Masu Taka Tsantsan

Na farko, tara bayanan miliyoyin mutane wuri guda yana jawo ɓarayi. A Afrilun 2011 aka kutsa cikin PlayStation Network, bayanan asusu kimanin miliyan 77 suka shiga hannun masu kutse, tsarin ya tsaya na kwana 23.

Na biyu, abin da ya dogara da uwar garke yana mutuwa ranar da aka kashe ta. Microsoft ya rufe tsarin Xbox ta farko a Afrilun 2010. Nintendo ya rufe na Wii da DS a Mayun 2014, da na Wii U da 3DS a Afrilun 2024. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe uwar garken wasan tseren mota The Crew, wasan ya daina aiki gaba ɗaya har ga wanda ke son ya yi shi kaɗai. Wannan ya haifar da koke a Tarayyar Turai wanda ya tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya a 2025. Batun ya fi shafar ƙasashe irin tamu, inda na'urori da yawa ke isowa a matsayin na hannu, bayan shekarunsu sun ja.

Na uku, akwai haɗarin a mai da intanet sharaɗi. A Yunin 2013 Microsoft ya sanar cewa sabuwar Xbox One za ta buƙaci haɗuwa da intanet sau ɗaya a kowane awa 24, in ba haka ba wasanni su ƙi buɗewa. Jama'a suka yi ca, kamfanin ya janye kafin watan ya ƙare. Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi sun san ma'anar irin wannan sharaɗi fiye da mutanen Turai. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan biyu, a ƙoƙarin daƙile 'yan bindiga, ba a kuma maido da su a nan ba sai a Disamba. Da dokar 2013 ta tabbata, da duk mai irin wannan na'ura ya wayi gari da akwatin da ba ya aiki tsawon watanni, ko da yana da wuta da faifan wasa. Haka kuma a ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin teku huɗu, wato MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama.

Na huɗu shi ne tsada. Ko da wasan kansa ba ya cin data da yawa, sabuntawar da ake tilastawa kafin a shiga tana ci, kuma wasu manyan wasanni sun haura gigabait 100. Ana biyan rajista da kuɗin waje, ga shi darajar naira ta faɗi har dala ta haura naira 1,500 a 2024, a Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data. Bugu da ƙari, har zuwa 2024 Nijeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation Network da sunansu, abin da ya sa masu wasa ke yin rajista da sunan wata ƙasa.

Na biyar ya shafi lafiya da karatu. Wasan gidan gem yana ƙarewa idan kuɗi ya ƙare ko janareta ya mutu, amma na intanet kullum akwai abokin karawa yana jira. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya matsalar kamuwa da wasan bidiyo a kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a 2022. Ba yawan wasa kaɗai ake nufi ba. Ana nufin mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, yawanci na tsawon wata 12.

Ina Mafita?

Idan aka auna ɓangarorin biyu, za a ga ya dace kamfanonin su samar da wasa ta intanet, domin babu wanda ya fi su ikon tsara shi da tsare shi. Amma ɗaukar nauyi na gaskiya yana da sharuɗɗa huɗu.

1. Intanet ta zama ƙari, kada ta zama sharaɗi. Duk wasan da mutum ɗaya ko biyu za su iya yi a ɗaki guda, ya yi aiki ba tare da layi ba.

2. A kusanto da uwar garke. Microsoft ya buɗe cibiyoyin kwamfutocinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya biyo baya a 2020, amma daga Katsina zuwa can ma tafiya ce mai nisa. Da uwar garken tana Legas, lissafinmu zai zama kilomita 2,000 zuwa da dawowa, wato milisakan 10 maimakon 100. Akwai tubalin ginin, tunda an kafa cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, IXPN, tun 2006 don saƙon cikin gida ya daina zagayawa ta waje.

3. A faɗi ranar rufewa tun da wuri, kuma idan ta zo a bar wa jama'a hanyar haɗa na'urorinsu da kansu.

4. A sa makullan iyaye su kasance masu sauƙin fahimta, farashi kuma ya dace da aljihun kowace ƙasa.

Kammalawa

Mun ga cewa jinkirin wasa ta intanet ya samo asali ne daga saurin haske da nisan uwar garke, kuma maganinsa yana hannun waɗanda ke zaɓar inda za a ajiye ta. Wannan ilimi bai tsaya ga wasa ba. Jinkirin da ke hana ƙwallo isa da wuri shi ne ke sa murya ta sarƙe a darasin da ake bayarwa daga nesa, ko a ganawar likita da majiyyaci ta bidiyo. Ɗaliban da za su karanta ilimin kwamfuta ko injiniyanci, a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 ko a wata jami'a, su ne za su shimfiɗa wayoyi su gina cibiyoyin da za su rage wannan tazara.

Aiki ga Ɗalibai

1. Idan uwar garke tana nisan kilomita 4,500 ta waya, milisakan nawa ne mafi ƙarancin jinkirin zuwa da dawowa? Hotuna nawa ke nan a wasan da ke nuna 60 a daƙiƙa?

2. Inda makaranta ke da kwamfuta mai intanet, malami ya nuna wa ɗalibai umarnin ping. A auna jinkiri zuwa wani shafi na Nijeriya da wani na Turai, da safe da kuma yamma, a rubuta sakamakon a jadawali, sannan a tattauna dalilin bambancin.

3. A raba aji gida biyu a yi muhawara a kan wannan batu: wanda ya sayi wasa, shin ya mallake shi ne ko haya ya karɓa?